Ruwan Baƙo a Bakin Rijiyar Baba

Daga Funtua

Ranar Asabar, tun kafin ladanin unguwarmu ya kira sallar asuba na fito, domin Farfesa Yohanna ya ce duk wanda ya makara za a tafi a bar shi. Shi mai kafa dokar bai iso ba sai da masu koko suka fara wanke kwanuka.

Mu uku ne wakilan ƙungiyarmu ta Kiristoci masana kimiyya, wadda ke haɗuwa duk wata don duba yadda bangaskiya da kimiyya za su zauna a tabarma ɗaya. Farfesa ne shugaba, masanin duwatsu. Sai Dakta Ngozi, 'yar Ibo haifaffiyar Funtua, mai gwaje-gwaje a wani asibiti, wadda in ana faɗa Hausarta ta fi tawa kaifi. Sai ni Bitrus, malamin sakandare, mai ɗaukar jaka.

Abin da ya tashe mu ba na wasa ba ne. A ƙauyenmu da ke bayan Kafur, yara na ta amai da gudawa tun farkon damina. Na ɗebo ruwan rijiyar coci, Dakta ta gwada, ta ce ƙazantar wani masai da aka gina ta gefen tudu ce ke tsiyaya ciki. To rijiyar nan mahaifina ne ya haƙa ta, shi ne kuma dattijon coci. Garin kaf, Kirista da Musulmi, ruwan albarka suke ce mata don ba ta taɓa ƙafewa ba. Bakina ba zai iya ce wa Baba a rufe ta ba, shi ya sa na roƙo Farfesa, wai babba ya yi wa babba magana.

Hanyar Bakori

Shatar motar Malam Sabi'u muka ɗauka. Farfesa ya sa aka sayi jakar ruwan leda, ya gargaɗe mu da yatsa cewa ko alama kada wani ya kai ruwan ƙauye baki. Daga nan ya buɗe darasi: kwana shidan halitta, irin kwanakinmu ne ko zamanai ne masu tsawo? Har muka wuce shingen jami'an tsaro a Bakori bai sauka daga rana ta uku ba.

Mota ta faɗa wani rami, kan Farfesa ya gaisa da rufi. Malam Sabi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana shida ne ko shekara dubu, Mai duniyar dai ya gama aikinsa. Masu gyaran hanyar nan ne har yau ba su gama ba."

Malumfashi

Nan muka karya da waina da shayi. Farfesa ya sa mai shayi ya ɗauraye kofi sau biyu da tafasasshen ruwa, ya kuma ba shi karatun ƙwayoyin cuta kyauta. Dakta kuwa wainarta kawai take narka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya za a ɓullo wa Baba?"

Ya ce, "Haba Bitrus! Ni da na yi jawabi a gaban Turawa? Zan fara da ruwa mai ɗaci na zamanin Musa a jeji, in gangaro kan yadda ruwa ke ratsa ƙasa. Kafin in rufe baki, da kansa zai ce a rufe."

Kafur zuwa gida

Bayan Kafur kwalta ta sallame mu. Masara da waken suya dama da hagu, kore shar, hanya kuwa taɓo har gwiwa. A bakin rafi Malam Sabi'u ya ce motarsa ba kada ba ce, sai muka hau babura. Littattafan Farfesa suka cinye wuri, aka bar jakar ruwan leda a mota.

Matan zumuntar coci suka tarye mu da waƙa da kiɗan tulu. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, daf da rijiyar. A garinmu ba a tambayar baƙo gajiya sai ya sha ruwa, kuma mai gida ne ke miƙawa. Baba ya zura guga da kansa, ya cika sabuwar ƙwarya, ya rusuna da tsufansa ya miƙa wa Farfesa da hannu biyu.

Na zuba ido in ga kimiyya. Farfesa ya dubi ƙwarya, ya dubi furfurar Baba, ya dubi jama'a. Sai ya kafa kai! Ya sha har maƙogwaronsa na motsi, ya goge baki, ya ce, "Kai, madalla! Ruwan nan akwai sanyi."

Guɗa ta tashi. Wata tsohuwa ta ce, "Kun gani ko? Ga babban mai ilimi ya sha."

Dakta ta mintsine ni, ta ce a hankali, "Bitrus, shugabanka ya shanye gwajina."

Da ƙwarya ta zo kanta, ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, azumi nake." Ita da ta bar mai wainar Malumfashi da tanda wayam. Baba ya sa mata albarka, ya juyo kaina.

Wallahi tsoro na ji. Ga Baba tsaye da ƙwarya, ga yara zaune a gaba, idanuwa sun faɗa. In na sha, maganar ta mutu. Na mayar da hannuwana baya.

"Baba, ba zan sha ba."

Kiɗa ya tsaya. Baba ya ce, "Funtua ce ta koya maka ƙin ruwan ubanka?"

"A'a Baba. Masai na tsiyaya cikin rijiyar. Ita ce ke kwantar da yaran nan. Abin da ya kawo mu ke nan."

Baba ya dubi Farfesa. Mai jawabi a gaban Turawa ya duƙufa yana gyaran igiyar takalminsa.

Baba ya kau da kai daga gare shi. Can ya dubi Dakta ya ce, "'Yata, akwai jikata Alheri, 'yar ƙanwar Bitrus, da muka binne watan jiya. Da ta daina karɓar komai daga hannun kowa, ni na riƙa ba ta ruwan nan da cokali, ina addu'a. Shi ne sanadi?"

Dakta ta durƙusa, ta ce, "Baba, ba zan iya rantsewa ba."

"Na ji," in ji shi.

Ya tuntsurar da ƙwaryar a ƙasa, ya shiga gida. Muka ji bugun guduma. Ya fito ɗauke da ƙyauren ɗakinsa a ka, ya hana kowa kama masa, ya kifa shi a bakin rijiyar, ya ɗora dutse. Ya ce daga yau kowa ya je famfon firamare, duk nisansa, kuma a tafasa.

Farfesa dai bai bar jawabinsa ya yi asara ba. Ya yi sa'a guda cur yana jan hankalin jama'a kan a rufe rijiyar da aka riga aka rufe.

Komawa

Mun shigo Funtua ana kiran magariba. Godiya ga Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu, da Malam Sabi'u da ya jira mu a bakin rafi, da Farfesa, wanda ya rubuta wa ƙungiya cewa tafiya ta yi nasara ƙarƙashin jagorancinsa. Ina masa fatan sauƙi, don an ce tun Lahadi bai yi nisa da bayan gida ba.

Yara sun fara warwarewa. Makon jiya na aika wa Baba sabon ƙyaure, ya sa aka dawo mini da shi a kan babur. Ƙanwata ta ce feshin ruwan sama har kan gadonsa yake kaiwa, amma ya ce a bar ɗakin haka.