Tankaɗen Murya

Tun ina da cikin ɗiyata nake tsoron abu guda: in kira ta, ta ƙi juyowa. Ban faɗa wa kowa ba, don babu abin da ya faru da zan nuna. Amma duk sa'ar da cokali ya taɓa kofin shayi ya yi ƴar ƙarar nan siririya, sai in tuna da tsakar gidanmu na unguwar Wadata, da kakata, da radiyon kawu.

Shekarun fari ne. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Radiyo ya zama abin da ba a kashewa, don a nan ake jin unguwar da za a raba jar dawa. Babana ya tafi bakin teku neman abin da za mu ci. Mahaifiyarsa ta sauko Yamai daga ƙauyensu na wajen Tawa bayan shanu sun ƙare, daga ita sai tabarma da ƙwarya. Inna, mahaifiyata, ta karɓe ta hannu biyu.

Sai dai zaman bai yi daɗi ba. In kawu, ƙanen inna, ya gaishe ta, takan amsa har ta tambaye shi kasuwa. In inna ta durƙusa ta ce, "Iya, ga fura," sai tsohuwa ta ci gaba da kallon bango. Muryar inna siririya ce, ga kunyar suruka: ba ta ɗaga murya, ba ta ɗaga kai. Nakan same ta a madafa tana share ido, ta ce hayaƙi ne. Kaka kuwa ta naɗe tabarmarta, ta ce wa kawu ya nema mata mota, gara ta koma ƙauye ta mutu a inda ake gaishe ta. Kowa ya san abin da ke jiran ta can. Ko rijiya babu ruwa.

Kawu gyaran radiyo yake a bakin kasuwa. An taɓa kawo masa wani babban akwati mai baki biyu, wai shi sitereyo, kiɗa na fitowa ta dama da hagu kamar makaɗan suna zaune a ɗakin. Namu baki ɗaya gare shi, ganga da goge da mai waƙa duk a cushe suke fitowa. Ya ce sai ya raba su. Ya kawo babban baful, wato bakin da sauti ke fita, ya ajiye gindin randa. Ƙarami kuma ya saka shi a gwangwanin madara, ya rataye bakin ƙofa.

Na ce yaya murya ɗaya za ta zama biyu? Ya ce, "Kin ga innarki in tana tankaɗe? Gari ya wuce, tsaki ya tsaya a rariya. Murya ma akwai garinta, akwai tsakinta." Ya nuna mini waya da ya naɗe kamar zare, ya ce wannan mai kauri kaɗai take bari ya wuce zuwa randa. Wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino shi ke sakin siririn zuwa ƙofa. "Ba na gaske ba ne," in ji shi. "Na gasken tun wajen ɗauka ake raba shi. Nawa tankaɗe ne kawai."

Da la'asar ya kunna. Har yau ina jin abin a jikina. Ganga ta koma gindin randa tana gurnani, goge ya koma bakin ƙofa yana kuka, muryar mai waƙa ta tsaya tsakiya, a iska, saman tabarma. Har hannu na miƙa ko zan taɓa ta.

Kaka ta saurara, ta ce, "Wannan makaɗi shi kaɗai aka gayyato? Ina mai gogen?"

Muka yi dariya, mun zaci wasa ne. Kawu bai yi ba. Ya miƙa hannu ya zare wayar babban baful. Goge ya rage shi kaɗai, yana kuka har cikin haƙora.

"Ya mutu ke nan," in ji kaka. "Dama kayan Nasara ba su da ƙarko."

Kawu ya juya ya kalli inna. "Yaya, ba raina ki ta yi ba. Muryarki gari ce. Kunnenta tsaki kaɗai yake riƙewa."

Inna ta daɗe tsaye da ludayi a hannu. Daga nan ta yi abin da surukar kirki ba ta yi a lokacin: ta zauna gaban tsohuwa, ta kalle ta ido cikin ido, ta jawo murya daga ƙirji. "Iya, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ashe kina da baki." Kaka ta ƙara duban ta. "To wa ya ara miki muryar karen mota?"

Ranar aka shimfiɗa tabarmar nan, ba a sake naɗe ta ba sai da Allah ya yi mata rasuwa a ɗakinmu, bayan damina ta dawo, babana ma ya dawo.

Yanzu ina unguwar Talladje da ɗiyata. Radiyoyin yau da baki biyu suke zuwa, ba mai zaman naɗa waya. In aka buga taɓarya a turmi yarinyar takan zabura, in babanta ya yi magana takan juya. Kowa ya ce in kwantar da hankalina, tana ji sarai. Ni ban yi karatun lakkwal mai nisa ba, amma na ga tankaɗe da idona. Na zaunar da ita, na buga turmi ta hagu, ta juya. Na kaɗa cokali a kofi ta dama, dab da kunnenta, ta ci gaba da wasa da yatsun ƙafarta. Na goya ta sai asibiti. Lokotoro ya auna, ya ce na yi daidai da na zo da wuri, kafin lokacin koyon magana ya wuce. Ana duba ta. Ni kuma na aro muryar nan ta ƙirji da inna ta yi wa kaka, ina kallon fuskarta in na kira ta, kuma tana juyowa.

Abin da nake roƙonku ke nan. In kuna da jariri ko tsoho a gida, kada ku tsaya a kan ya ji turmi. Ku koma bayansa, ku kaɗa cokali a kofi, ku ga ko zai juyo.