Duron da ya kusa rufe majemar mahaifinmu

Ana idar da sallar asuba ranar Alhamis muka bar Gumel, ni da wasu fatake biyu da jakina, wanda ya fi ni ƙin tafiya. Ni majemi ne. Shekara talatin hannuna na cikin ruwan bagaruwa, gwiwoyina kuma sun daina son yawo. Saƙo ne ya tashe ni. Ƙanena da ke riƙe da majemar mahaifinmu a Sule Tankarkar ya aiko cewa tun ƙarshen damina duk fatar da ya jeme baƙa take fitowa, dabbare-dabbare, dukawa sun daina saye. Wai sammu aka yi wa wurin. Ranar Asabar zai rufe majemar, ya je Gagarawa ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano neman dako.

Na ce sai na bi ta Maigatari, tunda ranar kasuwa ce, in sayi sabuwar bagaruwa, ko tasa ce ta lalace. Hanya rairayi ne zalla. Mun wuce wata motar gyaɗa ta kafe, fasinja na turawa suna haki. Jakina ya dube su, ya wuce da girman kai.

Maigatari ta cika maƙil. Ga Buzaye da raƙuma da kanwa, ga mutanen Damagaram da dabino. Furar kwabo na sha wajen wata Bafillatana, nonon ya ji ruwa, na faɗa mata, ta ce to in kawo tawa saniyar. Bagaruwa ta yi tsada, amma na cika taiki. A bakin kasuwa na ga ana rububin durunan ƙarfe, irin waɗanda aka juye man mota daga ciki. Kowa na yabo, wai ba sa fashewa.

Washegari na yi yamma ni kaɗai. Da hantsi na tsaya shayar da jaki a wani tafki. Gefen da yake farin yashi ruwansa garau. Ɗaya gefen kuwa jar ƙasa ce mai tsatsa-tsatsa, itatuwan bagaruwa na zubar da 'ya'yansu a kai, taɓon wurin baƙi ƙirin kamar tawada. Na daɗe ina kallo. Ba wanda ya yi wa tafkin nan sammu.

Da la'asar na isa. Na tarar ƙanena ya ɗaure kayansa, ya rame, an rataye layu a ƙofar majema. Ban zauna ba, na shiga. Manyan kwatarniyoyin ƙasa na mahaifinmu an kife su a jikin danga, kaji na hawa. A gurbinsu ga duro an yanka biyu, fatu na jiƙe a ciki.

Na ce, "Kai, yaushe ka sayi wannan?"

Ya ce, "Ƙarshen damina, Yaya. Ba ya yoyo, ga shi yana cin fata ashirin."

"Yana cinsu kam. Ya cinye har da sunanka."

Bai yarda ba. Ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne, ba shi da baki. Maƙwabta suka taru, har da tsohon da ya sayar masa da layu. Na sa aka kawo ƙwarya biyu, na jiƙa dakakkiyar bagaruwa a kowacce da ruwan rijiya ɗaya. Na kankaro tsatsar duron na zuba a guda. Kafin a gama musu, mai tsatsar ta koma baƙa wuluk, ɗayar tana nan launin zuma.

Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma wannan na sani. Bagaruwa da ƙarfe in suka haɗu a ruwa, riƙe juna suke yi, ba sa saki. Shi ya sa dukawa ke jiƙa kashin maƙera, wato dattin ƙarfen maƙera, in suna son baƙin rini. A ƙasa ma haka ne, na gani a tafki. Na matse tsamiya a kan tabon wata fata, na murza, baƙin ya dusashe, don ita tana ƙwace ƙarfen. Tsoho mai layu ya ce yana da uzuri a gida.

Asabar ɗin da ya kamata a ce yana tashar Gagarawa, ta same mu muna wanke kwatarniyoyi. Ɗaya ta tsage, muka liƙe ta. Na zauna har fatun farko suka fito. Farare tas, laushi kamar kunnen ɗan akuya. Wani baduku ya zo, ya shafa, ya sunsuna, ya ce, "Yauwa, hannun marigayi ya dawo." Ƙanena ya juya baya yana goge ido, wai toka ce.

Na dawo Gumel ƙafa a kumbure, kwana uku ban fita ba. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, mahaifinmu bai taɓa gaya mana dalili ba. In ya ga wuƙa kusa da ruwan bagaruwa, sai dai ka ji mari. Ni na riƙe marin na nemo dalilin, ƙanena ya manta duka biyun. Yanzu na faɗa masa da baki, ku ma ga shi na faɗa muku.

Majemar tana nan a buɗe. Duron kuwa, jakin ƙanena ke shan ruwa a ciki.