Kwanukan da Na Wanke a Giza

Da ɗalibanmu 'yan Najeriya suka zaɓe ni shugaba a Alƙahira, shekara guda bayan juyin juya hali, na ɗauka aikin bai wuce jawabi da bin layin takardar zama ba. Ashe akwai wanda ba a gaya wa mutum sai ya hau kujerar. In aka yi wa ɗalibi rasuwa a gida, ba shi ake kira ba, shugaba ake kira. Kai za ka je ka zauna kusa da shi ka faɗa masa.

Ana tsakiyar jarrabawa aka kira ni daga Gusau. Mahaifiyar abokina, wanda muka zo jirgi ɗaya, ita ce ta rasu. Yayansa ya roƙe ni in yi shiru sai abokin nawa ya gama jarrabawa, domin bara ya faɗi, in ya sake faɗuwa za a yanke masa tallafin karatu. Na ce to, amma bakina kaɗai ya faɗa.

Ni kuwa kowa ya shaida magana ba ta kwana a cikina. Sai na riƙa hawa ƙaramar bas zuwa ɗakinsa a Giza, in sayo masa wake da burodi, in zauna ina kame-kame. Wata rana yana bita, ya ce in ya je hutu zai kai wa Inna man zaitun saboda gwiwarta. Na rasa inda zan sa idona. Na tashi na shige kicin, na wanke duk kwanukan da ke wurin, har da tukunyar da ta kama.

Ranar da ya fito daga jarrabawar ƙarshe, na ja shi gindin wata bishiya. Na fara da "Malam, sai haƙuri." Ni da na zo ba da haƙuri, ni na fara kuka.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Shugaba, khalas, ya isa. Inna ce ko? Tun ranar da ka wanke mini kwanuka na gane. Kai da ko kofin shayinka ba ka ɗaurayewa."

Na ce to me ya hana shi tambayata?

"Kai ma jarrabawa kake yi," in ji shi. "Na ce bari mu gama tukuna, mu yi kukan tare."