Dokta Dimyana da Jaririyar Cikin Rariya

Kafin rana ta yi zafi take sauka daga motar haya a ƙofar asibitin yara, nan garin Sohaj. Ta tsaya a rumfata ta karɓi shayi ba sukari, ta ce, "Ammu Rifa'i, yau ma ganyen jiya ne?" In ce mata na shekaranjiya ne. Daga nan ba ofis take nufa ba, sai wani teburi mai taya, ta bi kayan kansa ɗaya bayan ɗaya: robobin numfashi, wasu sirara kamar tsinken tsintsiya, da ƙarfe mai fitila na danne harshe, da wata igiya mai ido a baki wadda take ɗauka kamar ƙwai. Ita ce Dokta Dimyana Shukri, likitar sa barci, wadda ta ajiye aiki a watan nan.

Na yi dako a Basra, na yi gini a Libiya, na ɗauka ba abin da zai ƙara girgiza ni. Sai ranar da Hajji Abdul-Ati mai albasa ya zo, shekaru da dama da suka wuce.

Ranar sunan jikarsa Sabrin ce. A gida aka haife ta da 'yar guntuwar haɓa, tana numfashi da ƙara, amma uwar kullum tana kife da ita a ƙirji, ba wanda ya lura. Ranar suna aka kwantar da ita rigingine cikin rariya kamar yadda al'adarmu ke yi wa kowane jariri, ana buga turmin tagulla, ana watsa gishiri, tsofaffi na cewa, "Ki ji maganar uwarki, ban da ta ubanki!" Ana ta dariya. Sai wata ta leƙa. Leɓen yarinya kamar an shafa shuni, ƙirji na lotsawa, ba kuka.

Da rariyar suka iso a bayan motar albasa, mata riƙe da kyandir sun manta su yar. Hajji, mutumin da ake jin cinikinsa daga ƙarshen kasuwa, ya buɗe baki murya ta ƙi fita.

Dokta ta fizge yarinyar, ta kifar da ita, ta turo haɓar gaba. Wata ƙara ta fito kamar ta tsohuwar ƙofa.

"Harshenta ke faɗawa baya yana toshe hanya," in ji ta. "Ba za ta daɗe a haka ba."

Aka shige da yarinyar ɗakin fiɗa, Hajji ya manne a gilashin ƙofa. Ya ga ta sa ƙarfen nan mai fitila, ta leƙa, ta girgiza kai: nama kawai, ba hanya. Ta leƙo ta ce a kira likitan fiɗa ya tsaya kusa, ko za a huda maƙogwaro. Nan muryar Hajji ta dawo, ya cafke mata hannun riga.

"A yanka ta? Ranar sunanta? Ko ragon ban yanka ba, doktora!"

"Hajji, sakar min riga ka kama tasbaha. In na kasa, shi zai yi, kuma ka gode masa."

Ta zura wata 'yar roba mai kamar cokali, ta zaunar da ita a bakin maƙogwaron. Ƙirji ya ɗaga. Sannan ta bi ta cikinta da igiyar nan mai ido. A allo Hajji ya ga cikin wuyan jikarsa: wata 'yar kafa kamar ƙwayar alkama, tana buɗewa tana rufewa. Na'urar auna iskar jini na kuka, kukan na ta yin ƙasa, alamar iska na ƙarewa. Kowa na zufa, ita ko a jikinta. Ta shige kafar, ta zame robar numfashi a kan igiyar. Shunin ya fara barin leɓe. Hajji ya sulale ƙasa, rawani gefe guda.

Da yarinyar ta yi ƙwari, wani likita ya ɗinke mata wata tsaga da aka gano a ganɗarta. Shi aka kai wa rago, shi aka yi wa guɗa. Na yi wa Dokta ƙorafi, ta ce, "Ammu, yarana barci suke, iyayensu a ruɗe. Wa zai tuna ni?"

Ke ce mai tsaron ƙofar numfashi, Dimyana. Ke ce kike shiga inda ido ba ya kaiwa, ki fito ba wanda ya tambayi sunanki.

Ranar da za ta bar aiki, Hajji ya zo da sanda, da wata doguwar yarinya mai surutu. Dokta ta dube ta, ba ta gane ta ba.

"Buɗe baki ki ce aa."

Ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Ta cikin rariya!"

"Ita ce," in ji Hajji, hawaye na bin gemu. "Tun da kika buɗe hanyar nan ba ta yi shiru ba. Ba ki da wata robar ta rufewa?"

Mun gode, doktora. Ku matasan likitoci, teburin nan mai taya yana jiran wanda zai riƙa duba shi kowace safiya. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya farka daga fiɗa yana tsala kuka, kafin ku ja rago, ku tambayi wanda ya riƙe masa numfashi.