Buhun Karnen Ya Fanna

Duk wanda ya taɓa zaman layi a asibitin unguwarmu ya san alamar isowar Ya Fanna: majo, babban ma'aikacin jinya, sai ya hau atishawa. Yayar mahaifina ce, manomiyar tattasai a bakin kogin Komadugu, kuma takardun asibitin yaran unguwa kaf a tsohon buhun tattasai take ajiye su. Na saya mata jaka sabuwa fil, ta juya ta, ta ce, "Gara ta san jaka, amma ta isa ta shiga tattasai?" Ta zuba goro a ciki.

Abin dariya, da faɗa suka fara ita da takardar. Ran da ta ji ana duba yaran da ba su kai shekara biyar ba kyauta, ta saɓo jikanta ta tafi. Majo ya dubi yaron ya ce, "Karne fa, Iya?"

"Wa? Jikan nawa ne kare?"

Wayyo Allah! Sai da mutum uku suka riƙe ta kafin a fahimtar da ita karne sunan ɗan littafin lafiyar yaro ne, da Faransanci. Ta gyara mayafi ta ce, "To, a ba ni karen. Biyu ma."

Daga nan ta zama hukuma. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma kowane karne ta san mai shi, wannan da ɗigon mai, wancan da cizon ɓera. Shekaru kuwa da shanyar tattasai take ƙirga su, kuma ba ta cuta. Na taɓa lallaɓa ta a shigar da ɗana, wata biyu kacal ya ɗara. Ta harare ni.

"Hadiza, shanya biyar na yi a kan idon yaron nan. Ki je ki biya."

"Haba Ya Fanna, jininki ne fa!"

"Shi ya sa ba zai fara da ƙarya ba."

Kwana uku ban gaishe ta ba, ko a jikinta.

Amma ranar Bintu ce ba na mantawa. Iyayen Bintu gudun hijira ya kawo su Assaga, kusa da gonar Ya Fanna, a bukka aka haife ta, ba takardar haihuwa ba komai. Zazzaɓi ya kama yarinyar har idonta ya juye, uwar kuma ko dala ba ta da ita. Muka kai ta. Idan babu takarda, majo yakan sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen, in ya taɓo, ya wuce biyar. Bintu kuwa doguwa ce kamar kara. Ta taɓo. Uwar ta fashe da kuka.

Ya Fanna ta ajiye buhu. "Ɗana, shanya huɗu ce. Ni na kai tattasan miyar sunanta."

"Iya, ai kin ga hannun."

"To gwada ni."

Ta ɗaga hannu, ga gajarta ga ciwon kafaɗa, ko tsakar kai bai kai ba. Ta ce, "Ka gani? Rubuta mini karne, ban kai biyar ba!"

Layi ya kwashe da dariya, majo yana dariya yana atishawa. Ya ce zai duba yarinyar yanzu, amma a kawo takarda. Ya Fanna ta tattaro ungozoma da mai unguwa, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ofishin magajin gari, ta yi ta sintiri har takarda ta fito. Shekara huɗu da wata bakwai! Ta kai wa majo da kanta ta ce ya karanta da ƙarfi, sau biyu. Wallahi ranar ji na yi kamar ni na haifi tsohuwar nan.

Bayan rasuwarta muka zazzage buhun, kowace uwa ta ɗauki nata. Bintu, wadda yanzu take lakkol, wato makarantar boko, ta shinshina nata ta yi atishawa, muka yi dariya har muka koma kuka. Mun duba ƙasan buhun ko akwai wata takarda da sunan Ya Fanna, babu ko ɗaya, ita ba a taɓa rubuta ta ko'ina ba.

Allah, kai ka san shanyarta nawa. Ka karɓe ta ba tambayar takarda, ka sanyaya makwancinta. Amin.