Kujerar Na'Allah a Motar Maliki

Na'Allah mai faci, mutumin Turba, shan-inna ta cinye masa ƙafafu tun yana goye, amma bai taɓa fashin kasuwar Isa ba. Shekara goma sha ɗaya Maliki direba, abokinsa tun makarantar allo, yana ajiye masa kujerar gaba, a ɗaure kekensa na guragu a saman mota. Duk tayar da ta so kunyata Maliki, hannun Na'Allah ne ya rufa masa asiri.

Da hanya ta lalace, direbobi suka yi doka: in an ji harbi, kowa ya diro ya faɗa cikin gero.

Ranar kasuwa Na'Allah ya murzo kekensa zuwa bakin hanya. Maliki ya tsaya, ko motar bai kashe ba.

"Yi haƙuri, abokina. In ta ɓaci, wa za shi goya ka? Na bar ɗaukar wanda ba ya iya gudu."

Na'Allah ya ɗaga kai ya leƙa. Rago ne kwance a kujerarsa, an ɗaure ƙafafunsa huɗu tamau.

"To, Maliki," ya ce, "shi wanga da wace ƙahwa za shi gudu?"