Mutumin da ke neman ruwa a cikin fetur

Bari in fara da tona wa kaina asiri: shekara huɗu ina ɗaukar Malam Halliru mai taɓin hankali. Ni da ko fulogin babur ɗina ban iya kwancewa ba, ni ne mai yi wa bakaniken jirgin sama dariya.

Kullum in hantsi ya ɗago za ka ga ya gangara bakin kogi, wajen masu noman rani, da wata farar kwalba a aljihu. Duk mai shirin tayar da injin ban-ruwa sai ya tsiyaya masa fetur kaɗan. Ya bari man ya natsu, sannan ya ɗaga kwalbar saitin rana. In da ruwa, yakan kwanta a ƙasa kamar idon kifi.

"Isyaku, a ina ka sayo wannan?"

"Wajen 'yan bumburutu, Baba."

"To koma su haɗa maka da sabulu, ka yi wanka."

Ko tumatir ɗaya ba ya karɓa.

Inuwa, tsohon direban da suka yi aiki tare, shi ya ba ni labarin da ya rufe mini baki. Shekara ashirin da shida Halliru ya yi yana kula da ƙananan jiragen wani kamfani, masu feshin tsuntsaye jan-baki a gonakin shinkafa. Ƙa'ida ce kafin jirgi ya tashi a tsiyayi mai daga ƙasan fiffike a duba. Wata damina ruwan sama ya shiga duron mai ta murfi. Halliru ya gani, ya yi ta tsiyaya har kwalba ta fito tas sau uku, ya sa hannu. Ashe a karkace aka ajiye jirgin, sauran ruwan ya maƙale a lungun tanki. Matuƙin, Kyaftin Lukman, abokin cin tuwonsa ne. Ya leƙo ta taga ya ce, "Injiniya, a rage mini ɗanwake." Ko minti biyu bai yi a sama ba injin ya yi tari ya ɗauke. A gonar dawa aka ɗauko gawarsa.

Masu bincike sun wanke Halliru. Matar mamacin ta aiko masa cewa kwana ne ya ƙare. Shi ne dai bai wanke kansa ba. Ya ajiye aiki, ya dawo Wudil da kwalbar, ya ce wa Inuwa muddin yana numfashi, injin da ya duba ba zai sake mutuwa da ruwa a cikinsa ba.

Kai ne, Halliru dodon 'yan algus, ka hana kwalekwale mai inji tashi ranar kasuwa, fasinja na zaginka. Ina ciki, ni ma na sa baki, har da Turanci. Rabin kofi na ruwa aka tsiyaye daga tankin. Ba wanda ke ƙirga hatsarin da bai faru ba, shi ya sa bangon ɗakinka ba lambar yabo.

Bana, bayan shekara goma sha bakwai, 'yarsa Murja ta ce ya isa.

"Baba, ƙafar nan ta gama da gangaren kogi."

"In na zauna, wa zai duba?"

"Masu injin mana."

Ya haƙura ya zauna a gida. Kwana uku bai ci abin kirki ba.

Mun gode, Malam. Allah Ya jiƙan Lukman, kai kuma Ya sauke maka wannan kaya. Mu da muka rage, duk mai aikin da ran wani ya rataya a kansa, ya ƙara dubawa ko ana zaginsa.

Da na je jin ta bakin manoman, Isyaku ya ja ni gefe. Ya ce tun bara yanar ido ta rufe wa Malam gani, ba ya ganin komai a kwalbar. Su manoman ne ke leƙa kwalbar ta bayan kafaɗarsa.